Rigar da Ta Kwana a Reshe

Duk wanda ya zauna a layin masu kifi na Borokiri ya san tagar Dina. Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi, sai ta ajiye farin kati guda a bakin tagar ta shiga sabgoginta. In ta dawo ta same shi fari, ranar aiki ce. In kuwa ya yi dabbare-dabbare da baƙar kunkunniyar da ke sauka a kan Fatakwal, sai ta ja taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, don gam da ɗanyar tawada ba sa shiri da wannan baƙin abu.

Maƙwabta sun ɗauka yanayi take dubawa. Ita kuwa ɗanta take dubawa. Kunkunniyar daga lungunan ruwa take tasowa, inda ake dafa ɗanyen mai a ɓoye, kuma Desmond, shi kaɗai Allah ya ba ta, yana cikin masu dafawar. In kati ya yi baƙi ƙirin, ta san wuta na ci sosai, ta san kuma wanda ke tsaye a gabanta.

'Yar Zonkwa ce. Aure ya kawo ta kudu da ƙuruciyarta, ta biyo Jerome, mai sassaƙa hatimi a bakin gidan waya. Da reza da guntun roba yake fitar da sunan makaranta ko na coci a juye, ya buga ya fito daidai. Ita kuma ta yi aikatau a gidan wata Baturiya da ba ta da abin yi sai katin gaisuwa. Da za su bar ƙasar, matar ta bar mata ɗan injinta mai hannun murzawa da gwangwani cike da ƙarafan yanka: mai siffar ganye, mai siffar fure, mai siffar kurciya. Ka shimfiɗa takarda ko ƙyalle a kan ƙarfen, ka tura cikin injin, ka murza, sai ka ji ƙas, siffa ta fita tsaf. Jerome ya sassaƙa mata hatimai iri-iri, na Kirsimeti, na Sallah, na suna, na ta'aziyya. Da haka suka ci, da haka suka biya haya.

Tari ne ya ɗauke Jerome. Bayan jana'iza Dina ta rasa abin da za ta yi wa mutanen da suka yi mata kara, sai ta ɗauko rigarsa ta zuwa coci ta yanka kurciyoyi daga ƙirjinta, ta manna wa kowa ɗaya a katin godiya. Tun daga nan ya zama aikinta. Wanda aka yi wa rasuwa ya kawo tufar mamaci, wanda ke murna ya kawo tasa. Amma tana da ƙa'ida, ba ta taɓa karya ta ba: mamaci kurciya daga ƙirji, mai rai ganye ƙarami daga cikin kalmasar gindin riga, inda ido ba ya kaiwa.

Haka ta yi wa Desmond ranar zagayowar haihuwarsa, da koriyar rigar ankon matasan coci.

"Haba Mama, kin huda min riga!"

"Wa zai ɗaga maka gindin riga ya gani? Budurwar da ba ka da ita?"

Ya yi dariya, ya cusa rigar a jaka, ya ɗauki takalman robansa masu tsawo ya nufi bakin ruwa.

Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta haɗa shi da fasto. Amsarsa ɗaya ce kullum: zuwan nan ne na ƙarshe. Abu ɗaya ya roƙe ta, kada ta taɓa gaya wa Gimba cewa shi ɗanta ne, don ba ya so mai sansanin da suke dafa man ya san ƙofar gidansu.

Gimba ɗan aike ne na mai sansanin, mutumin da kowa ke kira Oga, ba wanda ke faɗin sunansa. Shi Gimba bai taɓa taka lungun ruwa ba, aikinsa a gari yake. Mutum ne mai tsafta da fara'a, kullum da asawaki a baki, yana gaisuwa har ƙasa. In ya zo wurin Dina, da baƙar leda yake zuwa. A sansanin ba wanda ke matsawa kusa da wuta da riga a jiki. Kowa sai ya tuɓe ya rataye tasa a reshen bishiyar bakin ruwa. In tukunya ta fashe, ba a gane fuska. Jira ake yi kowa ya zo ya ɗauki rigarsa. Wadda ta kwana a reshe, mai ita ne ya tafi. Ita ake kawo wa Dina, ta yi kati, Oga ya aika wa iyaye.

Ranar wata Talata katin taga ya yi baƙin da ba ta taɓa gani ba. Da ta shafa shi da yatsa, sai ta ji maiƙo. Washegari da hantsi aka yi sallama.

"Ina kwana, Mama? Ina gajiya? Yaya aiki?"

"Lafiya lau, Gimba. Shigo, ja ƙofar."

Ya ajiye ledar a kan tebur, tsakanin kwalbar gam da hatimai. Warin gas ya cika ɗakin.

"Guda ɗaya ce wannan karon, mun gode Allah. Oga ya ce ki sa masa wannan garin mai ƙyalli a gefe. Ya ji daɗin na wancan watan."

"Sunan fa?"

"Sai gobe. Kin san yaran nan, kowa da sunan ƙarya. Wani Taiga, wani Sanata. Ana tambaya."

Ta kwance ledar. Koriya ce, mai ɗigon rawaya.

Matasan coci da suka ɗinka wannan yadin sun fi a ƙirga, ta gaya wa kanta. Rabinsu suna lungun ruwa. Ta shimfiɗa rigar, ta gyara wuyanta, ta gyara hannu ɗaya, ta gyara ɗayan, ta yi ta gyara abin da ba ya bukatar gyara. Gimba na ta ba ta labarin tsadar okada. Sannan ta sa babban yatsa ta juya kalmasar.

Ga hujin nan, siffar ganye, har da ɗan ƙaramin karansa.

"Mama, lafiya? Ko warin ne?"

"Warin ne."

"To sai goben. A yi aiki mai kyau."

Da ya fita ta kira wayar Desmond. A kashe. Ta sani can babu sabis, kullum a kashe take, amma ta yi ta kira har wayar ta yi zafi a hannunta.

Malam Hammadu, mahaucin da ke haya a ɗakin da ke kallon nata, ya dawo daga mayanka ya same ta zaune a dokin ƙofa da riga a cinya. Shekarunsu da yawa a gida ɗaya. Ita ta yi katin sunan duk 'ya'yansa. Ya tsaya, ya sauke buhunsa.

"Maman Desi, me ya faru?"

Ta juya masa kalmasar. Shi ma ya san ƙa'idarta.

"Innalillahi," ya ce a hankali. Can ya ƙara da cewa, "Riga ce dai kika gani. Ba ki ga mutum ba. Tashi mu je bakin ruwa."

Suka je. Jiragen inji suna shigowa da jarkoki a rufe da tamfal, matuƙan suna kawar da kai. Hammadu ya tambayi wani da turancin kasuwa, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi kifi ya sani. Ruwan kansa baƙi ne, da wani bakan gizo na mai yana yawo a kai. Suka tsaya har rana ta karkata, suka dawo.

Da safe ta yanka kwali, ta buga hatimin ta'aziyya, wanda Jerome ya sassaƙa da hannunsa. Ta ɗauko ƙarfen kurciya ta ɗora a ƙirjin rigar. Hannunta ya kai kan hannun injin ya tsaya. Tana nan a haka aka turo ƙofa ba sallama.

Desmond ne. Girarsa ta ƙone, leɓensa ya tsage, yana sanye da wata jar rigar ƙwallo da ta yi masa kaɗan.

Ba ta yi ihu ba. Ta tashi ta kama kunnensa biyu, kamar lokacin yana ƙarami, ta jijjiga kan.

"Mama! Mama, ni ne. Me ya..." Idonsa ya sauka kan tebur.

"Wa ya sa rigarka?"

"Jeffrey." Ya zauna a bakin gado. "Ya ara ne ya ɗauki hoto, zai aika wa mamansa a Enugu. Wai ta ga yana zuwa coci. Ya ba ni tasa. Shi ke nan aka kira su wurin wuta."

Dina ta san Jeffrey. Ya sha cin tuwon acca a wannan ɗakin, yana yi mata ba'a wai miyarta ba yaji. Uwarsa na sayar da doya a Kasuwar Artisan.

Ta ba Desmond ruwa, ta ba shi abinci. Ya ci kamar wanda ake kora. Da ya wanke hannu ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Gobe da safe jirgi zai koma. Hannu ya yi ƙaranci. Oga ya ce duk wanda ya koma yanzu..."

"Zo nan."

"Mama, zuwan nan ne na..."

"Na ce zo nan. Kama wannan."

Ta ɗora hannunsa a kan hannun injin. Rigarsa na shimfiɗe a ciki, ƙarfen kurciya a kan ƙirji.

"Ɗazu ni na zauna a nan zan yanka ka. Yanzu kai za ka yanka abokinka. Murza."

Ya murza. Injin ya yi nauyi a tsakiya, kamar yadda yake yi, sannan ƙas. Desmond ya zare hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ta zaro kurciyar, koriya mai ɗigon rawaya, ta shafa gam ta manna, ta danne da tafin hannu.

Da la'asar Gimba ya dawo. Desmond ya shige bayan labule.

"Mama, an samu sunan. Jefiri ne ko Jafaru, ki dai rubuta yadda ya yi kyau." Ya ɗaga katin yana yabawa. "Kai, hannunki daban ne. Af, Oga ya ce ki buga masa wasu ki ajiye, ba suna, ba kurciya. In an kawo riga sai mannawa kawai. Don kada a riƙa ɓata lokaci."

Labulen ya motsa kaɗan.

"Wannan bai bushe ba," in ji Dina, ta karɓe katin daga hannunsa. "Kuma ni zan aika. Na san uwar."

Gimba ya zare asawakin daga bakinsa. Ya dubi katin, ya dubi labulen, ya dubi dogayen takalman roba da ke jingine a bayan ƙofa da laka ɗanya a jikinsu. Murmushinsa bai gushe ba.

"To, Mama. A gaida mutanen gida."

Hammadu ne ya samo hanya. Tirelar da ta kawo musu shanu za ta koma arewa wayam da sassafe, ta Enugu za ta bi, direban kuma ƙanensa ne. Dina ta naɗe katin a leda biyu ta sa wa Desmond a aljihun ƙirji.

"Hannu da hannu za ka ba ta. Ka zauna ka gaya mata yadda aka yi. Daga nan ka wuce Zonkwa wurin kawunka."

"Zan kai. Amma sati biyu zan yi, Mama. Ki ajiye min takalman nan, kada ki ba kowa."

Da asuba ta raka shi har bakin titi, inda hanya ta rabu, ɗaya ta gangara bakin ruwa, ɗaya ta haura gari. Ya tsaya a wurin ya daɗe. Ana jin injin jirgi yana ɗumama a ƙasa. Hammadu ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Muje, ɗana, direba ba ya jira." Suka haura.

Da ta koma ɗaki, katin taga ya riga ya fara dushewa. Ta rufe tagar. Ta jawo takalmi ɗaya daga bayan ƙofa, ta wanke lakar, ta juya shi a cinya tana latsa ƙasansa da yatsa. Roba ce mai kauri, irin wadda Jerome ke yawon nema. Ta buɗe gwangwaninsa ta ɗauko rezar, ta yanko murabba'i daga tsakiyar tafin, har haske ya ratso ta hujin. Ta yi wa ɗayan ma haka.

Can ƙasa jirgin ya tashi, ƙararsa na raguwa zuwa lungunan ruwa, ɗauke da 'ya'yan wasu. Dina ta gyara zama ta fara sassaƙa ganye.