Jif ɗin Tica mai baƙar ƙafa ɗaya

Maƙwabcina a unguwar Magajiya, wanda duk layinmu muke kira Tica, mutumin Filato ne da ya ƙare aikin koyarwa a nan Suleja. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar jif, ya kama gona a wani ƙauye bayan Garam. Ni kuwa na yi shekaru ina jan mota tsakanin Suleja da Abuja, har ramukan hanyar sun san ni, in na wuce ban faɗa musu ba sai su yi fushi. Don haka duk abin da ya shafi motar nan, ƙofata yake ƙwanƙwasawa.

Jif ɗin ta zo da rim na ƙarfe a cikin tayoyinta, baƙaƙe, masu nauyin da in ka ɗaga ɗaya sai ka tuna da kakanka. Babu wanda ya taɓa duban su sai da aka sa ranar auren 'yarsa. Tun tana ƙarama ya yi mata alkawarin shi da kansa zai tuƙa ta zuwa coci ranar aurenta. To ran nan tana shanya a tsakar gida, ta dubi motar, ta ce, “Dadi, da waɗannan ƙafafun za ka kai ni?”

Da la'asar sai ga shi a bencina.

“Direba, mene ne ra'ayinka a kan aloy, fararen rim ɗin nan na alminiyom?”

Na ce, “Tica, aloy ɗan birni ne. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, sitiyari ya yi maka laushi, in an wanke shi har gemunka za ka gyara a jikinsa. Amma in ya ci rami ba ya haƙuri, tsagewa yake yi. Ƙarfe kuwa baƙauye ne irina. A doke shi ya lanƙwashe, a sake dukan sa ya miƙe, ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi ba. Kai za ka faɗa min inda motar ta fi zuwa, coci ko gona.”

Ya ce, “Gona kullum ce. Auren nan sau ɗaya ne.”

Ban ga laifinsa ba. Muka je wajen 'yan taya, aka yi musaya. Mai shagon ya karɓe tsofaffin duka har da safaya, wato tayar ko-ta-kwana, ya ɗaura mana aloy huɗu farare fes. Tica ya ce safaya sai bayan biki. Da muka shigo layi, yaran da suka saba jingina da motar suka ja baya suna gaishe ta.

Ana jibi biki muka tafi gona ɗauko doyar da za a yi sakwara. Damina ta gama cin hanyar, ta bar kwazazzabai. Tica ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a hula, amma dab da ƙauyen ƙafar baya ta hagu ta daki wani dutse. Bakin rim ya ɗan lotsa, iska ta fara fita a hankali. Muka lallaɓa har ƙofar gidan Baba maƙeri, inda muka saba ajiye mota.

Shi Baba maƙeri manomi ne, kuma shi ke ƙera fartanyar ƙauyen. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai doya kasuwar Diko. A ƙauyen nan akwai abin da kowane direba ya sani: in rim ɗinka ya lotsa ka ajiye mota a ƙofarsa, ba sai ka yi magana ba. Kafin ka dawo ya cire, ya miƙar da shi da guduma, ya sa an buga iska, kuma in ka ce za ka biya shi ka zage shi. Ya sha yi wa tsofaffin ƙafafun motar Tica haka. Ranar ba mu same shi ba, yana bayan gida. Muka ce sai mun dawo mu san abin yi, muka gangara gona a ƙafa.

Muna cikin ɗaure doya na jiyo guduma daga nesa. Ƙarfe in ana dukan sa yana amsawa, kamar ƙararrawar makaranta. Wannan kuwa bai amsa ba. Bugu na farko ya fito a dushe, na gaba ya zo da wata 'yar ƙara kamar an taka faranti.

Na ce, “Tica, Baba ya san ka canza ƙafafu?”

Ya ajiye doyar da ke hannunsa. Ban taɓa sanin mai ritaya na iya gudu haka ba.

Muka tarar da Baba a tsugune, guduma a gefe, aloy ɗin a gabansa ya tsage, yana bin tsagar da yatsa. Ta tashi daga baki ta nufi tsakiya.

“Malam,” ya ce wa Tica, “wannan wane irin ƙarfe ne? Ko taɓa shi ban yi ba.”

Na ce, “Baba, taɓawarka ai ita ce ta rushe katangar wani.”

Bai yi dariya ba. Kunya ta kama tsohon nan har ya kasa ɗaga kai. Tica ya tsuguna kusa da shi ya ce, “Baba, alheri ka yi niyya. Mu ne ba mu bar saƙo ba.” Amma na ga inda idonsa yake, yana kan motar da ke tsaye a kan jak, ba safaya, ga doya, ga alkawari.

Baba ya miƙe, ya je ya ƙirga ramukan noti na jif ɗin da yatsa, ya ƙirga na a-kori-kurarsa. Suka zo daidai. Ya shiga gida ya mirgino turmin matarsa, ya tokare motarsa da shi, ya kwance ƙafarta ya ɗaura wa jif.

“Gobe kasuwar Diko fa, Baba,” in ji Tica.

“Doya ba ta gudu. Ka kai yarinya.”

Washegari muka zaga Suleja kaf ba mu samu irin zanen aloy ɗin ba. Mai walda ya ce zai iya liƙe tsagar, amma shi dai ba zai ɗora amaryarsa a kai ba. Dole Tica ya kira 'yarsa ya nuna mata. Ta zaga motar, ta tsaya a kan baƙar ƙafar, har da jar ƙasar ƙauye a jikinta. Ya ba ta labarin turmi. Sai ta tambaya, “Ta wane gefe zan fita?”

“Ta dama.”

“To ai shi ke nan. Kawu Direba ya tsaya a hagu.”

Haka na wuni ranar Asabar a harabar coci cikin babbar rigata ta Sallah, na baza ta a gaban ƙafar nan kamar labule. Duk hoton da aka ɗauka ta wannan gefe ina ciki. Dangin ango suka ɗauka wani babban mutum ne daga Abuja, har aka kawo min kujera, na ce ba na zama. Baba maƙeri ya zo a bayan acaɓa da kaza biyu. Amarya ta sa aka nemo shi, ta ja shi har gefen hagu, ta ce in matsa. Hoton da ke falonta yanzu shi ne wannan, ita da shi da baƙar ƙafa, ni kuma hannun rigata kawai ya samu shiga.

Bayan biki Tica ya mayar da aloy ukun ya karɓo ƙarfe, har da safaya. Muka kai wa Baba ƙafarsa, matarsa ta karɓi turminta tana mita. Tsagaggen kuwa Tica ya kai wa masu zubin tukunya suka narkar, aka fitar da tukunya mai kauri aka kai wa amarya. Na ci shinkafar da aka dafa a cikinta. Tana saurin nuna, ba kamar ta gidana ba.