Akuyar Ƙanwata da Gawon da Na Sare

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, ranar Laraba, a tsakar gidana da ke Korgom. Mu uku ne: ni, da maiɗakina tana tankaɗe, da ƙanwata da ke aikin ungozoma a gidan likita. Amalanke na jiran ta a ƙofa, za ta suna wani ƙauye inda babu wajen sharje, sai ta miƙo mani portabul ɗinta, wato wayarta ta hannu.

Kwana biyu kafin nan na yi mata faɗa a kan wasan da ke cikin portabul ɗin. Na ce mace mai 'ya'ya huɗu ba ta kiwon akuyar ƙarya.

"Yaya, amana ce," in ji ta. "Ka ba akuyata ciyawa, ka ƙara itace a wuta, ka kashe. Minti biyar. Wata biyu ina tattalinta."

Na karɓa ban yi murmushi ba. Amana dai ba ta taɓa lalacewa a hannuna ba, kuma na faɗa mata haka.

Da ta tafi na buɗe. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce mai ƙaton kai da idanu kamar na ɗan maraƙi, tana zaune a tsibiri da bukka da murhu da farar akuya. Ana tsinto dutse da itace a haɗa gatari, a gina shinge, a dafa abinci, don kada yunwa da sanyi su kayar da ita. Kiɗan ma mai taushi ne. Na ba akuya ciyawa, ta yi tsalle. Nan ya kamata in kashe.

Sai na duba gidan na ga babu tsari. Murhu dab da bukka, iri zube a jaka, ba rumbu. Na ɗauko kaye, littafin rubutuna, da bik na rubuta: na farko rumbu, na biyu shinge, na uku shuka. Na kwashe itacen da ƙanwata ta tara na gina rumbu da shi. Ya yi kyau. Ba kome a ciki.

Shuka kuwa na dakata da ita, don ba a yi ruwa ba. Tun ina yaro ban taɓa zuba iri ba sai na tona ƙasa na ga laima ta kai tsawon hannu. Na sa yarinyar ta tsaya tana kallon sama.

Wuta ta fara ja baya. Akwai itatuwa kewaye da bukka, ɗaya sak gawo. Ni ne shugaban kwamitin tsaron itatuwa na unguwarmu, kuma na sha kai mutane gaban maigari a kan gawo. Na ce sassabe kawai zan yi, in rage reshe ɗaya. Na danna. Sara uku, yarinyar ta kayar da shi tun daga gindi, tana murmushi.

Na waiga baya.

"Malam, wa kake nema?" in ji maiɗakina. "'Yan gandun daji?"

"Ki yi tankaɗenki."

"Ko in kira maigari?"

Itacen gawon na nan jibge, amma na ƙi sa shi a wuta, don abin da muka kama a hannun mai laifi ba mu dafa tuwo da shi. Na tura yarinyar tsintar ƙirare. Ta samo uku. Ashe yinin tsibirin bai fi minti goma ba. Duhu ya rufe, wuta ta mutu, yarinyar ta hau rawar ɗari har ta faɗi. Da ta farka jakarta wayam, ba gatari ba iri. Akuya kuma ta bi ta inda na rubuta shinge a kaye ban gina ba.

Kiran magariba ne ya ɗaga ni daga tabarma.

Washegari da azahar ƙanwata ta dawo. Na ba ta labari a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ba. Ta daɗe tana duban rumbun.

"Yaya, itacen da ka sare bayan kwana uku yake sake tsirowa. Shukar ma da ruwan rijiya ake yi."

"Ba wanda ya faɗa mani."

"Cewa na yi ka kashe."

Ta yafe gatari da iri, amma ban da akuya. Ta ce tana cikin dajin tsibirin, kuma wanda ya sake ta shi zai dawo da ita. Kullum bayan la'asar tana bar mani portabul na rabin awa. Yau kwana tara. Na ga akuyar sau biyu, na miƙa mata dusa yadda ake yi, ta gudu.

Kai mai karatu, in ka san yadda ake kamo akuya a irin wannan wasa, don Allah ka rubuta mani ɗaya, biyu, uku, kada ka tsallake kome. Ka ba duk ɗan kabu-kabun da zai zo Korgom, ka ce na shugaban kwamitin itatuwa ne. Ka naɗe takardar da kyau, don yawancinsu sun iya karatu.