Waliccin da Aka Hana Mai Haƙa Kabari

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya hana ni waliccin 'yarsa saboda ina haƙa kabari. Ranar ɗaurin auren, a masallacin layinsu a Unguwar Dosa, da liman ya ce ina waliyyin amarya, na riga na gyara zama zan matsa gaba. Sai na ga an nuna maigidan ƙanen nawa na ofis, wani darakta da bai taɓa ganin yarinyar tana rarrafe ba. Ni na yi mata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta. A gidanmu, tun kakanni, wan uba ke ba da aure. Kowa a sahun nan ya sani, shi ya sa kowa ya sunkuyar da kai.

Sana'ata facin taya ce, a bakin titin Kawo. A aji biyu na sakandare na bar boko, da mahaifinmu ya rasu, don shi ƙanen nawa ya ci gaba. Ya ci gaba kuwa, har ya zama babban ma'aikacin gwamnati. Haƙa kabari ba sana'a ba ce, ba a biyana. Na fara ne ranar jana'izar mahaifiyarmu, da na ga tsofaffi biyu suna fama da marmara, diga tana tsalle a hannunsu. Na karɓa. Tun daga nan, in aka yi rasuwa a Unguwar Kanawa, karan da aka auna mamaci da shi wurina ake kawowa. In rufe rumfa, in ɗauki diga da shebur, in tafi.

Bayan biki da kwana biyu ƙanen nawa ya zo gidana, ya ƙi zama a tabarma.

“Yaya, kada ka ɗauke ta da zafi,” in ji shi. “Dangin angon manyan mutane ne. In an tambaye su wa ya ba da aure, su ce wa? Mai tona rami?”

Na ce su ce wan ubanta.

“Kai ma ka duba. Shekara nawa kana shiga rami kana fita, me ka gina? Ba komai ne sai an ce lahira, lahira ba. Mutum ya rayu, ya yi wa kansa da 'ya'yansa abin kirki, ya isa. Ka bar maƙabartar nan, in sama maka aikin masinja. In auren ƙanwarta ya zo, kai ne waliyyi, na yi alkawari.”

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Kwana tara ban taka maƙabarta ba. Aka kawo kara sau biyu na ce bayana ke ciwo. Ina zaune ina tsoma tayar babur a ruwa ina neman inda take yoyo, ina tambayar kaina: to in ya yi gaskiya fa? In ci da sha da gina gida su ne ƙarshen zance, ni mahaukaci ne da ya ƙarar da ƙarfinsa yana tona ƙasa yana mayarwa. Ko na gode ba na samu daga wanda na yi wa aikin.

Rana ta goma aka kawo gawar wani lebura da ya faɗo a wurin gini, baƙo, ba wanda ya san garinsu. Wani tsoho da muke haƙa tare ya zo da kansa, ya jingina karan a jikin injin iskata, ya juya. Na daɗe ina kallon karan nan. Tsawon mutum ne guda, mai uwa a wani wuri.

Na tafi. Damina ce, ƙasa ta yi nauyi. Na haƙa babban ramin, na fitar da ƙaramin na ciki daidai kafaɗarsa, na share shi da tafin hannu kamar yadda nake yi wa kowa, don kada tsakuwa ta taɓa kuncinsa. Mu shida muka sallace shi. A cikin ramin nan na gane ba zan iya rayuwar da ƙanena yake nufi ba. Wataƙila shi ta ishe shi. Ni in ba don akwai Wanda ke ganin tsakuwar da na cire ba, ko tashi da safe ban ga dalilinsa ba.

Ban ko wanke ƙafa ba na wuce Unguwar Dosa. Na same shi a ƙofar gida zai shiga mota. Ya dubi jar ƙasar da ke wandona, ya ce, “Yaya, ka yi shawara?”

Na ce, “Na yi. Riƙe masinjanka, riƙe waliccinka, ka ba duk daraktan da ka ga dama. Amma ranar da aka kawo karanka, in ina da rai, ba darakta zai shiga ramin ba. Ni zan haƙa, ni zan share tsakuwar da hannuna, kuma ba don kai zan yi ba.”