Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa Ba

Ina gona a Nahuce ina girbin gero, rana ta kusa tsaka, sai na hango maƙwabcina ya ajiye babur a bakin hanya yana tahowa a hankali. Tun daga tafiyarsa na gane. Ya ce Malam Umaru ya cika a asibiti a Gusau. Bana shekara bakwai ke nan.

Malam Umaru yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya koyar a firamare a Tsafe kusan duk rayuwarsa. Ni kuwa a aji shida na tsaya, na koma gona. Idan aka yi hutu sai ya hau keke, yau Karakkai, gobe Bungudu, yana bin tsofaffi yana tambayar wa ya haifi wa. A gidan suna ba ya zama cikin maza. Wurin tsofaffin mata za ka same shi, yana taya su ɓarar gyaɗa, littafi a kan cinya. Mukan tsokane shi da cewa ya gama ƙirga ɗalibai ya koma ƙirga matattu. Murmushi kawai yake yi.

Yana da ƙa'idarsa. Sunan da mutum ɗaya ya faɗa masa, da fensir yake rubutawa. Sai wani daban, a wani gari, ya maimaita, sannan ya bi kansa da biro. A lokacin na ɗauka wahalar da kai ce.

Bayan rasuwarsa, matarsa Rabi ta ga gara ta fara cin gindin akwatin takardunsa, ta kai su wurin adana takardun tarihi a Gusau. Ban ji daɗi ba. Gani nake an miƙa wa bare sirrin gida. Shi ya sa ban taɓa leƙawa ba sai bana.

Ma'aikacin wurin ya sa na wanke hannu kafin ya ɗauko kwalayen. Takardun da na saba gani a ƙarƙashin gado, ga su kowace a cikin rigarta, da lamba. Ga wasiƙun mahaifinmu da ajami. Ga littattafan makaranta cike da ƙananan rubutun Yaya, gida bayan gida, har zuwa mutanen da ko mahaifinmu bai riska ba. Mutumin da muke wa dariya, ashe shi kaɗai ya ɗauko zuriya guda a bayan keke.

A shafin kakarmu na ga gurbi guda, an zagaye shi, babu fensir babu biro. Na san labarinsa. Kafin Kaka ta auri kakanmu, ta yi aure a wata rugar Fulani kusa da Bilbis, ta haifi ɗa. Mijin ya rasu, dangin uba suka riƙe yaron, ita ta dawo Nahuce. Ɗan fari ne, kuma macen zamaninsu ba ta kama sunan ɗan fari. Ina zaune ranar da Yaya ya lallaɓa ya tambaye ta. Ta ja mayafi ta rufe baki.

“Kai Umaru, boko ya ɗauke maka kunya? Je ka tambayi shanu, su suka raine shi.”

Muka yi dariya. Amma da ta juya na ga tana share ido. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba, shi kuma bai sake tambayarta ba.

Abin da ban sani ba shi ne bai daina nema ba. A littafinsa na ƙarshe ya rubuta cewa ya sami wata tsohuwa, Gwaggo Yelwa, a ruga gabas da Bilbis. Ta san Kaka, ta san tabon ƙunar da ke hannunta. Ɗan Kaka da yake nema mijin Gwaggo Yelwa ne, ya daɗe da rasuwa, ya bar ’ya’ya da jikoki. Da ya roƙi sunan, ita ma ta sunkuyar da kai. Ya rubuta maganarta kamar yadda ta faɗa: “Malam, mace ba ta kiran mijinta. Ka dawo bayan girbi, ɗana zai komo da shanu, shi ya faɗa maka.”

A cikin wannan girbin ne Yaya ya rasu.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Hanyoyin da yake bi da keke, yanzu sai an tambaya kafin a bi. Manomi da makiyayi da suke musayar gero da nono a ƙofar gida ɗaya, yanzu kowa da ɗar-ɗar yake kallon ɗan’uwansa. Ban isa in ce ga mai laifi ba. Abin da na sani shi ne a cikin waɗanda muke kauce wa a kasuwa akwai jikokin Kaka, jinina ne, kuma ko sunan ubansu ban sani ba. Ina jin Yaya ba zai yi dogon jawabi ba. Zai ɗauko littafin ne, ya buɗe shafin, ya ce mu duba.

Ma'aikacin ya ce idan ina da zato a kan sunan, in rubuta a wata takarda a haɗa. Na ce a'a. Yaya bai rubuta zato ba, kuma bai tilasta wa mata biyu su keta kunyarsu don littafinsa ya cika ba. Cikin duk abin da ya bari, wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Watan jiya na je Bilbis ranar kasuwa, na yi ta tambaya. Aka ce rugar ta tashi shekaru uku da suka wuce, ba wanda ya san inda suka nufa, ko Gwaggo Yelwa tana raye. Na bar wa masu sayar da nono sallahu. Gurbin yana nan a shafin Kaka, ba a cike shi ba.