Kai Baba Rajan Ganin Rubutun Kakansa

Germantown

Ƙarfe shida saura kwata na wata Talata, bayan na idar da sallar asuba, na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcina Baba Rajan a nan Germantown, wani gari kusa da Washington a Amurka. Ba'indiye ne, ɗan addinin Hindu, tsoho ne mai shekara saba'in da ɗoriya. Kakansa Sundaram ya yi shekara goma sha ɗaya yana karanta wa wani Baturen mulki littattafan addininsu, yana fassara masa. Bature ya koma Ingila ya buga littafi da sunansa shi kaɗai, ya kuma yi gaba da wani kundi na ganyen giginya da kakan ya kwafa da hannunsa. Magadan Baturen suka sayar, kundi ya ƙare a wani ɗakin karatu a Washington. Burin Baba guda ne, a sa sunan kakansa a katin bayanin kundin kafin ya mutu.

Uwargidana ta miƙo mana shayi ta ce, "Baban Sadiƙ, don Allah ban da faɗa da Turawa." Ta san hali.

Muka hau jirgin ƙasa na shida da rabi, dala shida kowa. Minti hamsin sai ga mu a birni.

Washington

A bakin ƙofar ɗakin karatun mai gadi ya karɓe furannin da Baba ya kawo wa kundin. A ɗakin ciki ya tuɓe takalmi don girmamawa, ma'aikaciya ta ce ya mayar, doka ce. Ta ba mu littafin Baturen mu taɓa kafin a fito da kundi. Shafi huɗu na godiya: ga gwamna, ga matarsa, har da likitan da ya yi masa maganin zazzaɓi. Can ƙasa, "da wani ɗan ƙasa mai ƙwazo." Sai na tuna malaman Zariya da aka yi wa irin wannan sakayya, raina ya ɓaci.

Ƙarfe tara da kwata aka kawo kundi. Kati ya ce ba a san wanda ya rubuta ba. Baba ya roƙi a buɗe ganyen ƙarshe, inda marubutansu kan sa suna, kamar yadda namu kan yi a ƙarshen Alƙur'ani bugun hannu. Ya karanta a hankali. Ga Sundaram, ga sunan ƙauyensu. Shekara ɗari da wani abu, ba wanda ya juya ganyen.

Na ce wa matar, "To, sai a gyara kati."

Ta ce, "Sai an kawo hujja daga littafin wani masani."

"Wane masani ya yi rubutu a kai?"

Ta nuna littafin Baturen.

Na buɗe baki, Baba ya dafa mini gwiwa. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na yi satar.

Wajen fita akwai rajistar baƙi. Baba ya karɓi biro ya daɗe a sunkuye. Da na leƙa, sunan kakansa ya rubuta. A gurbin dalilin ziyara ya sa, "Ya zo duba aikinsa."

Gida

Ƙarfe biyar da minti goma muka sauka Germantown. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa mai gadin ɗakin karatun, wanda da za mu fito ya dubi rajistar ya ce wa Baba, "Sauka lafiya, Mista Sundaram."