Kanwa a Gonar Ephraim

Shekara ashirin da ɗaya Ann ta yi a bakin injin niƙa, a wani ƙauye da ke ɓangaren Kuyello, kuma babu wanda ya taɓa kiranta mai sasanci. Maman Loveth mai inji, iyakar sunanta ke nan. Daga kudancin Kaduna aka kawo ta amarya, mijinta Andrawus malamin firamare ne. Da ya rasu dangi suka ce ta tattara ta koma gida. Ta ce wane gida kuma, ga kabarin miji a nan, ga 'ya tana rarrafe. Ta sayar da babur ɗinsa ta sayi inji.

Bakin injin nan kowa na zuwa. Matan manoma su kawo masara da dawa, matan ruga su sauke ƙwaryar nono su miƙa gero. Ƙarar inji kuwa ba ta barin a ji na kusa, duk mai magana da Ann sai ta kai baki kunnenta. A haka asirin ƙauyen ya taru a kunnen mace ɗaya, ta kuma san yadda ake juya shi.

Idan shanu suka yi ɓarna, Ann ba ta haɗa mai gona da mai shanu, ko kusa. Sai ta bari a kwana uku, zuciya ta sauka. Sannan ta raɗa wa matar mai gona cewa mai shanu ya kasa cin tuwo tun ranar. Ta raɗa wa matar mai shanu cewa mai gona bai kai ƙara ba, kuma ba don bai san hanyar caji ofis ba. Ba ƙarya take yi ba, zaɓen abin faɗa take yi. Ƙarshenta da an kwashe amfani sai shanun su je su yi wata ɗaya ko biyu suna kwana a gonar mutumin, su bar masa taki. Ba wanda ya ce a yi haƙuri, ba wanda ya ce ya yafe, ba a kira shi tara ba. Baɗi dawa ta fi ta bara, kowa ya riƙe mutuncinsa.

Da wannan dabarar ce rugar Modibbo ta zauna daram a gefen ƙauyen, har a shekarun da daji ya ɓaci, lokacin da rugage da yawa suka watse. Matarsa Muslimat ita ta goya Loveth wata biyu da ciwo ya kwantar da Ann. In rugar nan ta tashi, babu inda za ta nufa sai wajen daji, kuma kowa ya san yadda masu shiga can da shanu suke fitowa, in sun fito.

To, Loveth ta girma ta shiga jami'a, ta faɗa ƙungiyar zaman lafiya ta makarantar. Yarinya mai son uwarta, ta tashi a taro ta ba da labarin ƙauyensu. Malamin da ke jagorancinsu, Dakta Benjamin, ya ce lallai sai sun zo sun ƙarfafa wannan abu. Abin da yake tsaye da ƙafarsa shekara ashirin, shi za a zo daga birni a ƙarfafa.

Suka kuma zaɓi mako mafi muni. Kwana takwas kafin zuwansu shanun Modibbo sun tsallaka sun taɓa dawar Ephraim, wani manomi mai saurin fushi da saurin hucewa. Ann ta kusa gama aikin, saura Muslimat ta zo ranar kasuwa da amsar mijinta. Ann ta ja wa Loveth kunne a waya cewa su zo su ci abinci su ga gari, amma kada kowa ya ambaci gonar Ephraim. Loveth ta ce to. Ba ta faɗa cewa tuni ta gaya wa Dakta ba, shi kuma har ya yi murna an samu misali mai rai.

Ranar suka iso da bas ɗaya, aka kafa rumfa a filin firamare, aka jera kujerun roba. Aka raba fararen riguna masu hoton kurciya, aka ɗaura wani dogon ƙyalle mai maganar tausayin duniya baki ɗaya. Sai aka ce manoma su zauna dama, makiyaya hagu. Mutanen da kullum benci ɗaya suke zama wajen mai shayi, yau an raba su kamar za a buga ƙwallo. Ann kuwa, wadda saboda ita aka zo, sai aka ce mata su taimaka da abinci. Tana bayan aji tana juya dafa-duka ta ji komai ta lasifika.

Dakta Benjamin ba mugu ba ne, wannan dole a faɗa. Ya rasa ɗan'uwansa a wani rikici, kuma ya biyo hanyar da manya da yawa ba sa yarda su bi. Amma a karatunsu sai kowa ya amayar da abin da ke ransa a gaban jama'a. Ya kira Ephraim ya miƙa masa abin magana, ya ce ya faɗi yadda ya ji.

Ephraim da bakinsa ya gaya wa matarsa kusurwa ɗaya ce shanun suka ci. Amma ya ɗaga kai ya ga idon mutum ɗari biyu, ga samarin cocinsu, ga wayoyi ana ɗaukarsa. Kusurwa ta zama rabin gona. Rabin gona ya zama ba yau aka fara ba. Samari suka tafa.

Sai aka kira Modibbo, aka ce ya nemi gafara su rungumi juna. Dattijon da ko ruwa ba ya sha a gaban surukansa, ga surukan nan zaune su uku, ga ɗansa na fari. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Dakta ya ga shirun ya yi yawa, ya kamo hannunsa ya haɗa da na Ephraim, mai hoto ya ɗauka. Modibbo ya zare hannunsa, ya saɓa sandarsa ya fita daga filin. Duk ɓangaren hagu suka miƙe suka bi shi, suka bar rigunan kurciya a kan kujeru.

Ann ta fito da ludayi a hannu, ta wuce kowa ta tsaya gaban 'yarta.

“Wa ya aike ku?”

“Mama, ai tattaunawa ce. Haka ake yi ko'ina.”

“Nan ko'ina ne? Kwana takwas ina ɗinki, kin kwaso baƙi kun farke kafin shinkafa ta nuna.”

Dakta ya matso da ladabi, ya ce ta kwantar da hankalinta, irin wannan zafin shi ne farkon waraka.

“Dakta,” ta ce, “ku kafin la'asar za ku shiga mota. Mu a nan za mu kwana.”

Haka kuwa aka yi, don ba a bin hanyar da yamma. Loveth dai ta ƙi shiga bas ɗin.

Washegari ranar kasuwa, Muslimat ba ta zo ba. Labari ya zo cewa ana kwance bukkoki a ruga, kuma Bakoji, ƙanen Modibbo, tun da safe ya kora nasa garken ya yi wajen daji. Ann ta kashe inji da mutane a layi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi gidan Ephraim.

“Baban Moses, tashi mu je ka nuna min rabin gonar.”

Ya sunkuyar da kai, ya ce abin maganar nan ne ya ja shi. Ta ce to baɗi sai ya zuba wa dawarsa abin magana a maimakon taki. Ya ce shi fa bayan abin da ya faɗa jiya ba zai iya zuwa ruga roƙo ba, samari za su mai da shi abin dariya. Ta ce ba wanda ya ce ya buɗe baki, bakin ne ya kawo su nan. Ya nemo buhun kanwa, ya ɗora a babur, ya kai gonarsa ta masara da aka riga aka kwashe, ya ajiye ƙarƙashin ɗorawa ya dawo gida. Manomi ba ya cin kanwa buhu guda. Duk mai shanu ya san abin lasar dabbobi ne, ya kuma san wanda ya ajiye ta a gonarsa baƙi yake gayyata.

Da rana Ann ta tasa Loveth gaba suka tafi ruga. Modibbo na zaune a inuwa, suka gaishe shi daga nesa suka wuce wajen mata. Muslimat na ɗaure ƙore a cikin raga, ba ta ɗago ba.

“Kin kawo 'yar bokon ta ƙarasa mu?”

Loveth ta durƙusa a gabanta.

“Na kawo ta ta taya ku ɗaukar kaya, tunda tafiya za ku yi,” in ji Ann. Sai ta ɗaga murya irin ta wadda ta saba magana a kan ƙarar inji, yadda Modibbo zai ji. “Wani sakarai kuma ya yar da buhun kanwa a gonarsa, ƙarƙashin ɗorawa. Raɓa ce za ta cinye.”

“Sakarai ne kuwa,” in ji Muslimat, ta ci gaba da ɗaurinta.

Kwana biyu ba motsi. Bukkokin da aka kwance ba a mayar ba, waɗanda suka rage ba a taɓa ba. Ann na niƙa tana yi wa kowa faɗa, har wanda bai yi laifi ba. A rana ta uku da hantsi masu dawowa daga gona suka ce ga fararen shanu can sun cika gonar Ephraim suna lasar kanwa.

Modibbo ya zauna, rugarsa ba ta tashi ba. Amma Bakoji bai dawo ba, kuma har yau ba a san takamaiman inda ya sauka ba. Ephraim da Modibbo suna gaisawa, sai dai daga nesa, benci ɗayan nan na mai shayi ya ƙare.

Bayan wata uku Loveth ta zo hutu da rahoton ƙungiyarsu, mai bango mai sheƙi. A gaba ga hoton hannun Modibbo cikin na Ephraim, an rubuta cewa jami'a ta sasanta manoma da makiyaya. Sunan Ann na shafin ƙarshe, cikin waɗanda suka dafa abinci. Ran Loveth ya ɓaci, ta ce za ta rubuta musu gaskiyar yadda aka yi, kanwa da komai.

“Ki rubuta in karya miki hannu,” in ji Ann. “Su ji labarin kanwa, baɗi su zo da ita tirela guda da mai hoto.”

Muslimat na tsaye da ƙwaryar gero. Ta karɓi rahoton ta daɗe tana kallon hoton mijinta, sannan ta kife shi a kan buhu. Ann ta ja igiyar inji ya ɗauka. Muslimat ta matso ta kai baki kunnenta.