Shekarar da Na Daina Fita Ciyayya

Salamu alaikum jama'a. Ina nan da raina. Na san an daɗe ba a ga hoton albasata ta noman ranin Watari a shafin nan ba, har wani ya rubuto yana tambaya ko na sayar da wayar ne na sayi masara. Ban sayar ba. Jinya na yi, sai yau na ji zan iya ba da labari.

Da yunwa abin ya fara. Na sani, a shekarar da kwanon masara ya gagari talaka kowa da yunwa yake kwana. Amma tawa daban ce. In tashi daga kan tuwo, kafin hannuna ya bushe cikina ya sake kira. Ga gumi ko da sanyin asuba, ga zuciya tana dukan uku-uku ina zaune. Kuma duk cin nan ramewa nake yi, kullum sai na ƙara jan zariyar wando.

A unguwarmu muna ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Baba Ila, dattijon unguwa, a haɗa a ci tare. Da farko tsiya suke yi min: "Tasi'u, wai ina kake kai shi ne? Ko rijiya ce a cikin nan?" Ina dariya, amma hannuna ba ya tsayawa.

Sai tsiyar ta ɗauke. Wata rana na ɗago kai na ga kowa ya tsame hannu da wuri. Baba Ila da ya yini a gona yana cewa wai ya ƙoshi, ya sha fura da la'asar. A wannan shekarar wa ke da furar la'asar? Bar min suke yi, mutanen da 'ya'yansu ma ba ƙoshi suke ba. Na ji kunya kamar in nutse.

Daga ranar na daina fita. Sai in ce wa maiɗakina Sahura ta aika da kwanona, ni in zauna ciki in ci abin da ya samu. Na zama mafaɗaci, abu kaɗan in hau ta da faɗa. Mai kemis ya ba ni maganin tsutsar ciki, a banza. Wasu suka ce suga ne. Wasu suka fara raɗa sunan ciwon da ba a son faɗa.

Rannan da hantsi Baba Ila ya yi sallama har tsakar gida.

"Ba tuwonka muke nema ba, Tasi'u, kai muke nema. Miƙo hannunka."

Na miƙa, yatsuna sai karkarwa suke. Ya dubi idanuna da suka firfito, ya shafa wuyana. "Gobe sai asibitin Ɗambatta. Ba shawararka nake nema ba."

A can aka gwada suga, lafiya lau. Aka gwada wancan da nake tsoro, babu. Amma da nas ta ji bugun zuciyata sai ta kira likita da sauri, aka tura mu Kano, aka ba ni gado. Gwajin jinin da suka nema sai da tunkiyar Sahura ta tafi kasuwa, 'yan ciyayya suka cika sauran.

Na ji tsoro ƙwarai. Har na fara yi wa Sahura wasiyya a kan irin albasata. Ta ce, "Ni ba ruwana da irinka, Malam. Ka tashi ka shuka abinka." Ta juya baya tana gyara filas ɗin da ba abin da ya same shi.

Da sakamako ya fito, likitar ta zauna ta yi min bayani da Hausa. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kowace da murhunta. Abinci shi ne itace, akwai kuma sinadaran da ke farfasa shi ya zama ƙarfi. A wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, akwai wata 'yar tsoka, tayirod, ita ke ba da umarnin yadda za a hura wutar.

"Taka ta ƙi daina hurawa. Itace na ƙarewa sai wutar ta koma cin namanka. Ba haɗama ba ce, Malam Tasi'u, ciwo ne."

Wallahi da na ji haka sai hawaye. Ashe ba halina ne ya lalace ba.

Aka ɗora ni a kan ƙwayoyi, ɗaya ta lafar da wutar, ɗaya ta lallashi zuciya. Har yanzu ina sha, ina komawa gwaji. A hankali gumin ya ragu, barci ya dawo, Sahura ta huta da masifata.

Bayan kaka na fita da kwanona da kaina. Muna cikin ci sai na ji hannuna ya tsaya. Na ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

Baba Ila ya kalle ni. "Ƙoshin gaske, ko irin namu?"

"Na gaske, Baba."

Ya jawo kwanon gabansa, ya cinye tas, ya suɗe. Ranar na san yawan tuwon da tsohon nan yake iya ci.

Na gode wa Allah. Na gode wa Sahura, da likitoci da nas-nas, da 'yan ciyayyarmu. Allah Ya biya ku da abin da ya fi tuwo.

Wanda yake ci yana ramewa, ga gumi da bugun zuciya da rawar hannu, ya je asibiti ya ce a duba wuyansa. In an ba ka magani kar ka daina don ka ji sauƙi. Ku kuma, in ɗayanku ya daina fitowa, kar ku tsaya ga karɓar kwanonsa. Ku yi sallama ku shiga ku gan shi.